Makarantar Sherab Gatsel Lobling: yaƙi da jahilci a ƙarshen hanyar gudun hijira

A ƙasa da garin Dharamsala, mazaunin gwamnatin 'yan Tibet ta gudun hijira, ta wajen ƙauyen Khanyara a gundumar Kangra ta jihar Himachal Pradesh da ke arewacin Indiya, akwai wata makarantar kwana da ba ta ɗaukar yara. Sai wanda ya cika shekara 18 ake rubuta sunansa. Sunanta Sherab Gatsel Lobling. Gwamnatin 'yan Tibet ta gudun hijira ce ta buɗe ta a 1993 saboda samari da 'yan matan da ke tsallako tsaunukan Himalaya da ƙafa, waɗanda sun girmi shiga firamare, kuma da yawansu ba su taɓa zama a aji ba. Labarinta ya cancanci a zauna a duba shi, domin ta koya wa dubban manya karatu da rubutu cikin hali mai wuya, amma takardar shaida da kasuwa sun daɗe suna ba ɗalibanta wahala bayan sun fita. Daga baya kuma mutanen da aka gina ta dominsu suka daina zuwa, dole ta nemi wasu ɗaliban daban.

Inda ɗaliban suka fito

A watan Maris na 1959 Dalai Lama na 14, jagoran 'yan Tibet, ya fice daga Lhasa, babban birnin Tibet, a lokacin boren da sojojin Sin suka murƙushe, mutum kusan 80,000 suka biyo sahunsa zuwa Indiya da Nepal da Bhutan. Abin da shugabanninsu suka fara sa wa hannu shi ne karatun yara. An buɗe makaranta a Mussoorie a 1960. A watan Mayun wannan shekarar yayar Dalai Lama, Tsering Dolma, ta karɓi yara 51 a wani gidan reno a Dharamsala, wanda shi ne ya girma ya zama rukunin makarantun yaran Tibet da ake kira TCV. A 1961 gwamnatin Indiya ƙarƙashin Nehru ta kafa hukuma ta musamman don makarantun 'yan Tibet. Saboda haka 'ya'yan waɗanda suka zo da farko sun tashi da Turanci da Indiyanci a baki, da satifiket a hannu.

Rukuni na biyu ya bambanta. Da Sin ta ɗan sassauta iyaka a shekarun 1980, sannan zanga-zangar Lhasa ta 1987 zuwa 1989 ta ƙare da dokar soja, sai wani sabon ayari ya ɓalle. Tun daga lokacin har zuwa 2008, mutum 2,000 zuwa 3,000 ne ke isowa kusan kowace shekara. Da yawansu daga gabashin Tibet suke, wato Kham da Amdo, 'ya'yan manoman sha'ir da makiyayan shanun yak. A can makaranta tana da nisa da ruga, kuɗinta yana da nauyi, kuma daga sakandare zuwa sama Sinanci ne ke da rinjaye. Har yau yankin Tibet mai cin gashin kansa shi ne kan gaba a yawan manyan da ba su iya karatu ba a duk lardunan Sin, bisa ƙididdigar gwamnatin ƙasar da kanta.

Hanyar da aka fi sani ita ce mashigar Nangpa La, mai tsayin sama da mita 5,700, kusa da dutsen Everest. Ana biyan ɗan jagora, a yi makonni ana tafiya, yawanci da dare kuma cikin hunturu, lokacin da masu sintiri suka fi ƙaranci. Wasu sukan iso sanyi ya cinye musu yatsun ƙafa. Ranar 30 ga Satumba 2006 masu gadin iyaka na Sin suka buɗe wa wani ayari wuta a wannan mashigar, suka kashe Kelsang Namtso, wata budurwa mai shekara 17 da ta keɓe kanta ga ibada. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Romaniya da ke cikin masu hawan dutse a sansanin dutsen Cho Oyu da ke kusa ya ɗauki bidiyon abin, duniya ta gani. Irin wannan hanya ce ɗalibin Sherab Gatsel Lobling ya ratso kafin a miƙa masa littafi da fensir.

A Katmandu, babban birnin Nepal, akwai cibiyar karɓar baƙi. Nepal ta daina ba wa 'yan Tibet da suka shigo bayan 1989 matsayin 'yan gudun hijira, sai dai akwai fahimta ta baka tsakaninta da UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, cewa za a bar su su wuce Indiya. Daga nan sai Delhi, sai Dharamsala, inda ake kai sabbin zuwa su ga Dalai Lama. Bayan wannan sai rabo. Ƙananan yara su tafi TCV ko gidajen reno na Mussoorie. Matasan da ba su kai shekara 18 ba su tafi makarantar Suja da ke Bir. Masu rigar ibada su nufi manyan gidajen ibadar Buda da aka sake ginawa a kudu, Sera a Bylakuppe, Drepung da Ganden a Mundgod. Saura waɗanda ke tsakanin shekara 18 da 30, waɗanda babu inda suka dace. Su aka buɗe wa wannan makaranta.

Abin da ke faruwa a aji

Shirin asali na shekara biyar ne, kwana da abinci da karatu duk kyauta. Darussan su ne harshen Tibet, Turanci, lissafi da kwamfuta, sai sana'a biyu, ɗinki da zanen addini da ake kira tanka. A shekarun farko ɗakunan kwana na langa-langa ne, a gari mai ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, kuma mutanen da jikinsu ya saba da busasshiyar iskar tudu suka riƙa fama da zafi da laima da gudawa. Tarin fuka, wanda ya addabi makarantun kwana da gidajen ibada na 'yan Tibet a Indiya, bai bar su ba.

Matsalar farko da malami ke cin karo da ita ba ta da alaƙa da Turanci. Ɗaliban ba sa jin junansu sosai. Karin harshen Amdo ya yi nisa da na Lhasa har ta kai mutum biyu su zauna a benci ɗaya suna neman tafinta, wani lokaci Sinanci ne ke raba gardama. Malaman kuwa yawanci haifaffun Indiya ne, masu magana da karin gudun hijira wanda ya ginu kan na Lhasa, ya kuma sha aro daga Indiyanci da Turanci. Don haka watannin farko sukan tafi ne wajen samun harshen da kowa zai ji.

Rubutu shi ne ya haɗa su. Haruffan Tibet, waɗanda ake dangana ƙirƙirarsu ga Thonmi Sambhota a ƙarni na 7 zamanin sarki Songtsen Gampo, baƙaƙe 30 ne da alamun wasula 4. Ƙidayarsu ba ta da yawa, wahalar tana wajen haɗawa. Ana ɗora baƙi kan baƙi, a sa wani a gaba, wani a baya, kuma da yawa daga cikinsu ba a furta su a yau, domin ƙa'idar rubutun ta daskare tun fiye da shekara dubu yayin da baki ya ci gaba da sauyawa. Wannan tsufan ne ya zama alheri: ɗan Amdo da ɗan Lhasa suna rubuta kalma iri ɗaya, kowa ya karanta ta da lafazin garinsu. Babban mutum da bai taɓa riƙe alƙalami ba sai ya rera haɗin baƙaƙen da ƙarfi, gaɓa bayan gaɓa, har ya zauna masa.

Ba kowa ne ya zo da kai fanko ba, kuma nan ne rabon aji ya zama aiki. Akwai wanda ya yi shekaru a gidan ibada ya haddace littattafai, yana karanta nassin addini ba gargada, amma bai san baƙin Turanci ko ɗaya ba, bai kuma iya cike fom ba. Mai karatu Bahaushe ya san irin wannan mutum: alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka, ma'aikacin ƙidaya ya zo ya sa shi cikin marasa ilimi. Akwai wanda ya gama ƙaramar sakandare da Sinanci, yana lissafi da kyau, amma ba ya iya rubuta wasiƙa da harshen uwarsa. Akwai kuma makiyayiya da ba ta da ko ɗaya. Shekaru ba su da amfani wajen raba irin waɗannan, sai gwaji, kuma mutum ɗaya yana iya zama a ajin gaba a darasi guda, a ajin farko a wani.

Idan aka tambayi abin da ɗaliban suka fi kwaɗayi, Turanci ne. Shi ne harshen baƙi masu yawon buɗe ido a unguwar McLeod Ganj da ke saman gari, shi ne na intanet, shi ne na takardun neman biza. Hukuma kuwa ta fi damuwa da harshen Tibet da tarihi da addini, domin a ganinta wannan ne dalilin zaman gudun hijirar gaba ɗaya. Ba a taɓa yin faɗa a fili kan wannan ba, amma ana ganin sa a ƙafafun ɗalibai. Wasu da zarar bakinsu ya buɗe da Turanci sai su ajiye makaranta su haura McLeod Ganj, su kama wankin kwanuka a gidan abinci, su riƙa zuwa azuzuwan hira na kyauta da ƙungiyoyi irin su Lha ke shiryawa da 'yan sa-kai na ƙasashen waje. Ni ban ga laifinsu ba. Mutum mai shekara 26 da ya bar bashin ɗan jagora a wuyan iyayensa ba zai iya kallon shekara biyar yadda yaro ke kallon ta ba.

Sana'a da kasuwarta

Ɗinki da tanka sana'o'i ne na gado, kuma an zaɓe su ne da niyyar raya al'ada tare da samar da abin yi. Tela yana koyon ɗinka chuba, doguwar rigar gargajiya, da tufafin masu ibada, da ƙyallen alharini da ake kewaye zane da shi. Mai tanka yana farawa da ɗaure farin yadi a katako, ya shafe shi da alli da danƙo, ya goge har ya yi santsi, sannan ya ja layukan awo, domin kowace siffa tana da ma'auninta da littafi ya ƙayyade, ba a yarda mai zane ya ƙara son ransa ba. Launi daga niƙaƙƙun duwatsu ake samun na asali, a ƙarshe a bi da ruwan zinariya. Zane ɗaya mai kyau yana cin watanni, ƙwarewa kuma tana cin shekaru, shi ya sa mai son ya yi nisa yakan nemi gurbi a cibiyar Norbulingka da ke kusa, wadda aka buɗe a 1995.

Kasuwar ce ba ta da faɗi. Baƙon da ya zo Dharamsala yana son tsaraba mai sauƙin kuɗi, kuma shagunan cike suke da zanen da ake yi da yawa a Katmandu a sayar da araha. Telolin chuba kuwa sun riga sun yi wa garin yawa. Sana'ar da ta fi ciyar da 'yan Tibet a Indiya ita ce sayar da rigunan sanyi: daga Oktoba zuwa Fabrairu iyalai sukan ɗauko kaya bashi daga masu masaƙu na Ludhiana, su baje a kasuwannin wucin gadi a biranen ƙasar. Sai dai rumfa a wannan kasuwa gado ce, ƙungiyoyin 'yan kasuwar ne ke raba ta, bashin Ludhiana kuma sai wanda aka san ubansa. Sabon zuwa ba shi da rumfa, ba shi da gona a matsugunan da Indiya ta ba wa 'yan 1959 irin su Bylakuppe, ba ya jin Indiyanci. Abin da ya rage masa shi ne ya yi wa mai rumfa yaron shago.

Akwai kuma tsamin dangantaka da ba a cika son faɗa ba. Haifaffun Indiya suna kiran sabbin zuwa sarjor, kalmar da sau da yawa ke ɗauke da raini. Ana ganin su da zafin kai, suna sauraron waƙoƙin Sinanci, har akan yi zargin akwai 'yan leƙen asiri a cikinsu. Su kuma suna ganin su ne suka san Tibet ta gaske, su ne suka sha duka a hannun 'yan sanda, waɗanda ke musu kallon ƙauyawa kuwa ba su taɓa taka ƙasar ba.

Babban giɓin, a nawa ganin, takarda ce. Shekara da shekaru wanda ya kammala shirin yana fita da shaidar da ba ta kai matsayin jarrabawar aji 10 ko aji 12 ta Indiya ba, waɗanda su ne mabuɗin kwaleji da aikin albashi, har a ofisoshin gwamnatin gudun hijirar kanta. Mutum ya iya karatu, ya iya Turanci daidai gwargwado, amma ƙofar gaba a rufe. Sai daga baya aka tsawaita shirin aka haɗa shi da jarrabawar NIOS, hukumar Indiya ta karatu daga gida wadda ba ta da iyakar shekaru a sama, ta yadda ɗalibi zai iya zana aji 10 da aji 12 ya nemi jami'a. Gyara ne mai kyau, kuma ya zo a makare, lokacin da azuzuwa suka fara zama wayam.

Me ya sa aka yi jinkiri? Saboda tun farko ba a tsara makarantar don zama a Indiya ba. Sunan da aka fi saninta da shi a Turanci ma, Tibetan Transit School, yana nufin makarantar zango ne. Manufar ita ce matashi ya sami ilimi ya koma gida, domin shugabannin gudun hijira suna tsoron Tibet ta zama babu 'yan Tibet masu ilimi. Da yawa sun koma ɗin, kuma Turancin da suka koya ya ba su aikin jagorar baƙi a Lhasa. A farkon shekarun 2000 hukumomin Sin suka fara hana waɗanda suka yi karatu a Indiya lasisin wannan aiki, suna kawo 'yan jagora daga wasu larduna. Mai komawa kuma yana iya fuskantar tsarewa da tambayoyi. Da hanyar gida ta ƙuntata, zaman Indiya kuma ya dogara ga takardar rajistar baƙo da ake ta sabuntawa, sai hankali ya koma Yamma: Amurka, Kanada, Faransa, Beljiyam, Suwizalan, Ostareliya. Unguwar Majnu-ka-tilla a Delhi ta zama wurin jiran biza.

Bayan 2008

A watan Maris na 2008, ana shirin wasannin Olamfik na Beijing, bore ya bazu a faɗin tudun Tibet. Bayansa Sin ta tsaurara iyaka ƙwarai. Nepal, wadda ta soke sarauta a wannan shekarar, ta ƙara matsawa kusa da Beijing, jami'anta na iyaka suka daina kau da kai. Daga 2012 samun fasfo ya zama da wuya ga ɗan Tibet. Girgizar ƙasar 2015 ta rufe mashigar Kodari da ke iyakar Nepal da Tibet na tsawon shekaru. Masu isowa suka ragu daga dubbai zuwa ɗaruruwa, daga nan zuwa gommai, har aka yi shekarun da ba su kai ashirin ba.

Gaskiya ta buƙaci a ƙara cewa abubuwa sun sauya a cikin Tibet ɗin ma. Sin ta zuba kuɗi a hanyoyi da makarantu, kuma tun 2012 karatun shekara 15 kyauta ne a yankin mai cin gashin kansa. Yaron makiyayi na yau yana shiga aji. Rigimar ta koma kan wane aji ne kuma da wane harshe. A Fabrairun 2023 ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce yara 'yan Tibet kusan miliyan ɗaya suna makarantun kwana na gwamnati inda Sinanci ya mamaye koyarwa, bayan wata biyu kuma wasu ƙwararrun suka nuna damuwa kan shirye-shiryen koyar da sana'a da ake tura manoma da makiyaya ciki, suna cewa akwai alamun tilas. Beijing ta musanta duka biyun, ta ce nisan ƙauyuka ne ya sa ake kwana a makaranta, kuma da yardar mutane ake komai.

Sabbin ɗalibai

Makaranta mai gine-ginen da suka ɗauki ɗaruruwa ta wayi gari da malamai da ɗakuna, babu masu zama. Mafitar da aka samu ita ce buɗe ƙofa ga wasu rukunoni biyu: 'yan Tibet haifaffun gudun hijira da karatu ya kuɓuce musu, da matasan yankunan Himalaya.

Waɗannan na biyun 'yan ƙasa ne a inda suke, ba 'yan gudun hijira ba. Mutanen Ladakh ne, da Spiti da Lahaul da Kinnaur, da Sikkim, da 'yan ƙabilar Monpa na Tawang a Arunachal Pradesh, da al'ummomin tsaunukan Nepal. Addininsu na Buda irin na Tibet ne, harsunan da yawansu dangin harshen Tibet ne, littattafan ibadarsu da haruffan Tibet aka rubuta. Amma makarantun gwamnati sun koyar da su da Indiyanci ko Urdu ko Nepali ko Turanci, har aka sami saurayi mai digiri da ba ya iya karanta addu'ar da ke rubuce a ƙofar gidansu. A Indiya suna kiran harshen rubutun Bhoti, sun daɗe suna neman a sa shi cikin jerin harsunan da tsarin mulki ya amince da su, kuma a 2025 aka sa shi cikin harsunan hukuma na Ladakh. Dama can su ne suka cike gurbin da ya buɗe a Sera da Drepung da Ganden da ma makarantun TCV, inda 'yan Himalaya ke ƙara yawa shekara bayan shekara.

Aikin malami ya juye ke nan. Da yana karɓar mai harshen Tibet a baki ya ba shi Turanci, yanzu sau da yawa yana karɓar mai Turanci da Indiyanci ya ba shi rubutun Tibet. Buƙatunsu ma ba ɗaya ba ne. Ɗan Spiti yana da katin zama ɗan ƙasa, yana da gidan da zai koma, yana iya neman aikin gwamnati, kuma ba zai zauna shekara biyar ba, gajeren kwas yake so. A wajensa tanka da ɗinki suna iya yin riba fiye da yadda suka yi wa sarjor, domin gidajen ibada na kwarin da ya fito suna buƙatar mai gyara zanen bango da mai ɗinka kayan biki, kuma babu cunkoson masu sana'ar kamar na McLeod Ganj. Mai rubutun Bhoti kuma yana da damar koyarwa a makarantun da suka fara saka harshen cikin darussa.

Sai dai kuɗin da ke tafiyar da irin wannan makaranta daga masu ba da agaji yake fitowa, kuma an saba neman sa ne da sunan ɗan gudun hijirar da ya ratso ƙanƙara. Shawo kan mai bayarwa ya biya wa ɗan ƙasar Indiya kuɗin koyon rubutun kakanninsa magana ce daban, a lokacin da su kansu 'yan Tibet na Indiya, waɗanda ƙidayar gwamnatinsu ta 2009 ta sa su 94,203, suke raguwa saboda ƙaura zuwa Yamma da ƙarancin haihuwa. Ga sana'o'in zamani kuwa, irin su girki da aikin otal da gyaran lantarki, matashin da ke neman su ya fi karkata zuwa cibiyar TCV ta Selakui kusa da Dehradun, wadda takardarta ke da daraja a wurin masu ɗaukar aiki a Indiya.